Na Je Maraɗi Ɗauko Auta

Tun ranar da na sauka daga mota ba a bar ni na huta ba. Duk wanda ya zo shagona sayen maganin feshi ko irin masara sai ya jingina da kanta ya ce, "Lawal, yaya Nijar?" Wasu labarin gasar suke so, wasu so suke su ji ko da gaske kilishin can ya fi namu. Mafi yawa kuwa tambaya ɗaya ce a bakinsu, nauyinta ya hana su yi, wato ina Nura. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Ga wanda bai san mu ba, Nura ƙanena ne, autan Inna. Shekarun baya mutanen daji suka tare motarsu yana dawowa daga gonarmu ta Kazage, ya yi watanni a hannunsu. Da Allah ya kuɓutar da shi bai daɗe a gida ba ya bi wani abokinsa Maraɗi, ya kama gyaran waya. Tun daga nan bai sake taka Birnin Gwari ba. In ka kira shi sai "lafiya lau" sau uku, daga nan ya ce ga kwastoma. Abu ɗaya ya rage tsakanina da shi, wani wasan kwamfuta na gina daula da muka koya tun yana sakandare. Ana ba ka ƙauye ɗaya a tsakiyar taswira, kai za ka sari garuruwa, ka yi noma, ka tura fatake, ka yi yaƙi ko sulhu da maƙwabta. Kamar dara yake, ka yi takunka ka jira na wani. Kullum in na rufe shago sai in nemi inda sabis ke kamawa in yi nawa in tura masa, da safe in tarar ya yi nasa. Da haka nake sanin yana nan.

To, sai wani Isufu, mai shagon koyar da kwamfuta a Maraɗi, ya shirya gasar wannan wasa ta 'yan ƙungiyarmu ta waya, mutum biyu-biyu, a mataki mafi wuya. Nura ya rubuto mini, "Yaya, in za ka iya zuwa mu shiga tare." Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi mini a shekarar.

Da na gaya wa Inna ta ci gaba da tsince shinkafarta. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Can ta ce, "Kai, wannan wasan naku da nake cewa zai kashe muku ido, ashe zai yi rana. Ka je. Amma kada ka dawo mini kai kaɗai. An yi sulhu, mutane sun fara komawa gona, ni kuma ba ƙara yarinta nake ba. Ina son in ga Auta da idona." Ta ƙulla mini daddawa da kuka da yaji, ta cika wata gora da zuma, duk nasa.

Hanyar Funtuwa muka bi. Baƙo ba zai gane shirin tafiyarmu ba, amma duk ɗan garin nan ya san shi. Na sa rigar da na fi ƙi, na goge saƙonnin banki daga waya, na naɗe kwamfutar a zanin Inna na cusa ta cikin buhun garin masara. A tasha kowa kamar ni yake, har wani Alhaji da na san yana da tireloli ya zo da silifas ɗin wanka, muka gaisa ba wanda ya yi wa wani dariya. Muna cikin gari ana hira, muna shiga daji kowa ya haɗiye harshensa. Direba ya kashe rediyo. Wata baiwar Allah kusa da ni tana jan carbi, wani tsoho a gaba yana addu'a da Gwaranci, ni kuwa ina ƙirga kwanonin hanya a zuci ina ɓatawa ina sake farawa.

A wani ƙauye muka ga wasu samari da rawuna da bindigogi a gindin bishiya suna shan shayi. Sun ɗago mana hannu. Mai carbin nan ta ɗaga musu hannu biyu har da murmushi, muna wucewa ta fashe da kuka. Ba mu yi nisa ba taya ta fashe, a daidai inda ciyawa ta fi mutum tsayi. Ban taɓa ganin an canza taya da sauri haka ba. Alhaji mai silifas shi ya kwanta a ƙasa ya sa jak, tsohon nan ya riƙe notuna a hula, ni aka ba ni aikin kallon daji, aikin da ban roƙa ba. Sai da muka hango rufin kwanon Funtuwa na daina kallon daji.

Na kwana a Katsina, a wani masauki bayan tasha mai fanka ɗaya da ke juyawa in ta ga dama. Da safe na tarar murfin gorar zuma ya saki, ta bi ta cikin jaka ta jiƙa kyakkyawar shaddar da na ɓoye don ranar gasa, tururuwan Katsina kuma sun riga ni sani. Saboda haka da rigar da na fi ƙi na shiga ƙasar waje.

A kan iyaka, bayan Jibiya, wani jami'i ya ga na zaro kwamfuta daga cikin garin masara, ya duba katina na shaida ya ga Birnin Gwari, ya ce in kunna. Laifina ne, ban rufe wasan ba. Allon na buɗewa sai ga taswira, ga daji, ga sansanoni da jar tuta, ga sojoji a jere. Mutumin ya dube ni, ya dubi allon, ya kira abokin aikinsa. Na shiga bayani ina in-ina, ina nuna musu cewa sojojin nan masu ne a hannunsu, mashi da garkuwa, ga kuma raƙuma. Na biyun ya daɗe yana kallo, sannan ya sa yatsa ya ce, "Duk wannan filin na waye?" Na ce ba na kowa ba ne. Ya ce, "To kai me ya sa ka cure a lungu ɗaya?" Suka yi dariya suka miƙo mini katina. Na yi dariyar ni ma, don a lokacin ko me suka ce dariya zan yi.

Maraɗi gari ne na kasuwa, kowa da abin sayarwa a hannu. Acaɓa can kabu-kabu ake ce masa, burodinsu dogo ne kamar taɓarya, in ka gutsura sai ya kankare maka dasashi. Shayi kuwa a ɗan kofin gilashi ake ba ka, ka kurɓa sau biyu ya ƙare, ka zauna jiran na biyu kamar mai jiran albashi. Kilishin dai gaskiya ne, ya fi namu, ku yi haƙuri.

Na sami Nura a rumfarsa ya sunkuya kan wata waya. Ya yi ƙiba kaɗan, ya tara gemu. Ya ɗago ya ce, "Yaya, ka taho lahiya?" Harshensa ya koma na can. Wannan "lahiya" ta soke ni fiye da yadda na zata, sai kawai na miƙa masa ƙullin daddawa. Ya kai hanci ya shaƙa, ya juya baya yana gyara abin da bai lalace ba.

A gidan da yake haya, lokacin zafi kowa a tsakar gida yake kwana, wasu ma a ƙofar gida kan tabarma, babur a jingine ba sarƙa. Ni abin ya ba ni mamaki, don na manta rabon da in ga namiji ya yi barci a waje. Nura kaɗai ke shiga ɗaki ya sa sakata ya tokare ƙofa da benci. Da shi na kwana, da safe muka fito jiƙe sharkaf kamar an tsamo mu daga rijiya. Matar mai gidan ta ba mu dambun zogale ta ce, "Ku 'yan Najeriya, mi kuke ɓoyo cikin ɗakin ga?"

Ban yi masa maganar Inna ba a ranar. Na yi ta juya ta a baki, ina tsoron in na faɗa ya ce a'a, shi ke nan ba ni da wata.

Gasar kwana biyu aka yi a shagon Isufu. Taswira ɗaya aka ba kowa. Kowane mutum biyu suna riƙe da dauloli biyu maƙwabta, sauran daulolin kwamfuta ke jan su. A wannan mataki kwamfuta ba ta da kunya: tana farawa da garuruwa da sojoji fiye da naka, tana gini da sauri kamar da aljanu take aiki. In ka tsaya gyara gida, kafin ka ɗago ta mamaye bakin kogi da ramin gishiri da wurin dawaki, ta bar maka tsandauri. Dole ka fitar da masu saran gari tun da wuri, ka kama wurare masu albarka ko da ba ka da mai tsaron su. Garuruwa kuma in sun yi yawa talakawa sai su fara gunaguni, sai da kayan daɗi da zinariya ake rufe musu baki, su kuwa fatake ke kawo su. Ayari shi ke shimfiɗa hanya, shi ke sa maƙwabci ya ji nauyin kai maka yaƙi. Duk mun san wannan a ka.

Amma da aka tashi cin abincin rana a ranar farko, aka zaga ana leƙen allon juna, sai na ga mutane sun taru a bayanmu. Kowa yana da garuruwa bakwai, takwas, hanyoyi sun fita ko'ina. Mu kuwa uku-uku, a manne da juna, kowane da ganuwa. Ayarinmu biyu suna tsaye a ƙofar gari an ɗaure kaya, suna jiran a gama horar da sojojin rakiya. Haka muke yi kullum ni da Nura, ba mu taɓa shawartawa ba, ba mu kuma taɓa ganin abin a matsayin wani abu ba. A taswirar akwai 'yan fashi da ke kafa sansani a daji suna tare hanya, mu kuma ba ma fitar da raƙumi ko ɗaya sai da soja gaba da baya.

Wata malamar makaranta daga Damagaram, Rakiya, wadda ke wasa tare da mijinta suna faɗa a kan kowane taku, ita ta yi magana. Ta ce, "Malam, ayarin ga tun yaushe yake tsaye?" Na faɗa mata. Ta riƙe haɓa. "Abin da kuka kashe kan rakiya ya isa ku sari gari biyu. Ni huɗu na tura, an kwashe ɗaya, ukun sun biya shi har da riba. Ai lissafin ke nan, a cikin kowane 'yan ayari ka san ɗaya ba naka ba ne."

Mijinta ya taɓa ta, ya raɗa mata wani abu, na ji sunan garinmu a ciki. Fuskarta ta canza, ta ce, "Ku gafarce ni, ban sani ba." Wannan ban-haƙurin ya fi maganar ciwo. Nura bai ɗago ba, cokalinsa kawai yake juyawa a cikin shinkafa. Lissafinta daidai ne, ba inda ta yi kuskure. Sai dai a gidanmu an taɓa zama ɗayan nan da ba a lissafa da shi.

Da yamma muna tafiya gida na daure na ce, "Inna ta ce kada in dawo ni kaɗai." Ya yi tafiya mai nisa kafin ya ce, "Na sani, Yaya. Tun da na ga ragowar zumar na sani." Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na kwana da wannan a ƙirji.

Rana ta biyu abin da ake gudu ya zo. Daular kwamfuta da ke gabas da ni ta gama cinye fili, ta juyo kaina da mahaya. Ni ina da gishiri ba ni da dawaki, Nura yana da dawaki, tsakaninmu kuma daji ne da sansanin 'yan fashi a gefensa. In ayarinsa ya iso, hanya ta buɗe, in sami dawaki da zinariyar da zan riƙe gari. In ya jira rakiya, kafin su shirya an cinye ni. Isufu ya sa agogo a kan kowane taku, ba a daɗewa.

Na ce, "Nura, tura shi."

Hannunsa na kan linzamin kwamfuta, bai danna ba. Ya ce a hankali, "Akwai mutane a ciki, Yaya."

"Zane ne, Nura. Raƙumi ne na zane."

"Na sani."

Ni kaina ji nake kamar muna bakin ciyawar nan ana canza taya. Agogo ya kusa cika ya danna. Raƙuman suka fita ƙofar gari su kaɗai. Taku na farko lafiya, na biyu lafiya, suka shiga cikin itatuwa. A na uku jar tuta ta fito daga sansani, allon ya yi ƙara, ayarin ya ɓace.

Ashe duk 'yan shagon sun bar nasu suna kallonmu. Na kasa duban ƙanena. Sai na ji ya ja dogon numfashi ya ce, "Shi ke nan? Abin ke nan?" Ya goge fuska da hannun riga, ya shiga garinsa na biyu ya sa a ɗaura wani ayarin, ya shiga na uku ya sa wani. Ya tura su ta hanyoyi biyu daban, ɗaya ta bakin kogi. Dukansu suka iso. Na rasa gari ɗaya kafin dawakin su zo, amma na riƙe sauran, har muka sari sababbi biyu a ƙarshe. Mu ne na biyun ƙarshe a gasar. Rakiya da mijinta suka ci, suna karɓar kyauta suna gardamar wanda ya jawo.

A bakin shagon, muna jiran kabu-kabu, Nura ya ce, "Gobe da wace mota za mu?" Na yi kamar ban ji daɗi sosai ba don kada in tsorata maganar. A raina kuwa har na ga Inna a zaure.

Ya sayi turmin atamfa da cuku da kilishi. Muka ƙetare iyaka lafiya, muka wuce Katsina yana ta hira, har harshensa ya fara dawowa namu. Yana tambayar wa ya yi aure, wa ya rasu, ko mangwaron gidanmu na nan. Daga Malumfashi hirar ta fara raguwa. Da muka sauka a Funtuwa ya daina magana gaba ɗaya.

Motar Birnin Gwari na lodi, saura mutum biyu, kamar mu ake jira. Na sa kayanmu a but. Na shiga na matsa masa wuri. Ya sa ƙafa ɗaya a ciki, ya riƙe ƙofa, ya tsaya. Ɗan kamasho yana cewa, "Malam shiga mana, rana na yi." Na ga gumi yana bin gemunsa, idonsa na kan titin da ya miƙe yamma. Wata mata a baya ta gane shi, ta ce wa ɗan kamashon, "Kai, bar shi."

Ya janye ƙafar. Na fito muka koma gefe, bayan wani mai rake. Ya ce, "Yaya, wallahi na so. Tun daga Maraɗi nake cewa zane ne, zane ne. Wannan ba zane ba ne." Na so in yi masa faɗa, na so in ce ni da na biyo ta kwanan nan fa, na so in ɗauke shi cak in jefa a mota kamar yana yaro. Ban yi ko ɗaya ba, don na san abin da na sani game da hanyar nan a kunne ne, shi kuwa a jikinsa yake. Na sauke kayanmu, na raka shi gidan Kawu Sale, ƙanen Inna da ke sayar da auduga a Funtuwa. Ya ce zai zauna nan kwana kaɗan, ba zai koma Maraɗi ba tukuna. Ya ba ni atamfar ya ce in kai mata.

Ban ji tsoron dajin ba a dawowa, tsoron zauren gidanmu ya fi shi. Na tarar an share ɗakin Nura an shimfiɗa sabon zanin gado, ƙamshin miyar kuka ya cika gida. Inna na zaune a kan tabarma. Ta dubi bayana kafin ta dube ni. Ta amsa sallama, ta ce a kawo mini ruwa, ba ta tambaye ni komai ba sai da na sha. Na ajiye atamfar a gabanta na faɗa mata duka, ban rage ba.

Ta daɗe tana shafa atamfar. Sannan ta ce, "Har Funtuwa ya zo?"

Na ce har Funtuwa.

"Da ƙafarsa?"

"Da ƙafarsa, Inna."

Ta ce, "To ai ya yi nasa. Saura nawa."

Inna ba ta hau hanyar nan ba tun kafin a ɗauke Nura, hawan jini gare ta, ƙarar tayar babur ma firgita ta take. Na ce ta bari in sake komawa in lallashe shi. Washegari na ce ta bari a ji labarin hanya. Ranar da ta biyo na ce an ce sojoji za su yi rakiya ranar kasuwa, mu jira su. Kullum da dalilin da nake kawowa, kullum tana saurarena tana ta daka yaji tana ƙullawa.

Yau da na je gaishe ta na tarar da jakarta a bakin ƙofa, ta fito da tsohon mayafinta da ya koɗe, ta cire 'yan kunnenta ta ba matata ajiya. Na buɗe baki ta ɗaga mini hannu.

"Kai, na ji duk dalilanka, kuma gaskiya ne. Gobe motar farko zan bi. In ba za ka iya ba ka zauna ka tsare shagonka, ba zan ga laifinka ba. Na san hanya."

Na je tasha na kama wuri biyu. Na roƙi direban ya ba ta gaba, ya ce gaba ta fi hatsari, a sa ta tsakiya. Tun da na dawo daga tashar ban iya cin komai ba, sai na zauna rubutun nan. Wanda ya zo shago gobe ya tarar a rufe, ya sa mu a addu'a.